Ranar da Na Ari Tasata

Tabawa matar Namadi na riƙe min tasa guda da abin cikinta. Ku ji da kyau, ban ce tasa guda kawai ba, nic ce da abin cikinta. Nan garinmu, cikin ƙasar Bukkuyum, kwano ba shi komawa gidan mai shi wayam. In na aiko miki da hoce, ko gujiya ce ki zuba ki maido. Kuma ba a aikawa a ce "a ba ni kwanona". Wadda duk tay yi haka ta yanke zumunci ke nan, gara ta zage ki tsakar kasuwa. Ni da Tabawa kuwa tare munka yi tallen fura muna ƴan mata, tare munka yi goyo, tare haƙoranmu sunka fara zuba.

Tasar ba irin tasoshin yanzu ba ce. Tagulla ce ta gado, kakata tas saye ta hannun fataken Nufe. In an aje ta ƙasa, tagwaye sai su yi wanka ciki ba su taɓa juna ba. Ita ce tsakiyar jerena. Bangon ɗakina na gabas tun daga bisa har ƙasa kwanuka ne, langa da samira da farantai, kowane da gurbinai, ita kuma tana tsakiya kamar uwar ɗiya ranar suna.

Wadda tas sa tasar ga taz zama magana ita ce autata, Safara'u. Ita kaɗai cikin ɗiyana tab bi boko har yaƙ ƙare mata, tak koma neman wani a gaba. Tana jami'a tana karatun zama dakta, amma ba daktan allura ba, ko ƙurji ba ta iya matsewa. Nit tambaye ta, "To daktan mi?"

Tac ce wai aikinta lissafin yadda maganar rediyo da ta waya ke tafiya cikin iska, yadda take bugun ƙarfe ta watse, da yadda eriya ke kamo ta.

Nic ce, "Eriya? Abin da Lirwanu mai gyaran rediyo ke yi da wayar ƙafar keke?"

Tac ce, "Shi ƙerawa yake yi ya gwada, Inna. Ni so nake in san abin da za ta yi tun ba a ƙera ta ba."

Shekarar da anka kafa dogon ƙarfen sabis a Gummi, garinmu bai samu ko ƙamshinai ba. Mai son waya sai shi hau dutsen bayan gari shina ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa. Safara'u taz zo hutun Sallah, tana zaune bisa gadona tana cin dambu, sai wani abu yay yi kuka cikin jakarta. Ni tsammanina gyare ne. Ashe waya ce. Tat tashi tsaye, sabis yaɗ ɗauke. Taz zauna, yad dawo. Tam matsa wajen randa, babu. Tak koma wajen filo, ga shi. Sai tad dubi ƙofata, wadda ke kallon yamma wajen Gummi, taj juya tad dubi jerena. Dambun nan har yas sandare ba ta ƙara taɓa shi ba.

Hutun nan ba ta kai gaisuwa gidan kowa ba, har sai da nib bi dangi ina ba su haƙuri. Kwano-kwano tab bi da tef ɗin tela, faɗi da zurfi da tsakanin wanga da wancan. Kahin ta koma tab buɗe kwamfutarta tan nuna min. Ga bangona ciki sarai, amma kowane kwano kamar an lulluɓe shi da komar masunta, ƴan idanu ƙanana masu kusurwa uku-uku.

Tac ce, "Inna, in maganar ta shigo ta ƙofa ta bugi bangon, kowane ɗan yanki ɗin nan yana karɓa, yana kuma mayar wa duk sauran. Abin da zai bayar ya danganta da abin da kowannensu ya ba shi. Dole a warware su duka lokaci guda, sannan a san inda maganar za ta taru. Yankunan sun yi yawa, injin sai ya wuni ya kwana bai gama ba. Dabarata ita ce in gajarce masa hanya: na kusa da juna a lissafa su ɗaya-ɗaya, na nesa a haɗa su gungu-gungu."

Nic ce, "Ashe biki ne."

"Wane biki?"

"Gudummawa. Matan unguwar ga kowace da kanta nake riƙe ta, na san abin da tak kawo min da abin da nik kai mata. Dangin Anka da na Gummi kuwa gida-gida nake haɗa su, in ba haka ba kaina sai shi fashe."

Tay yi dariya har da buga cinya. Tac ce, "Kusan haka ne, Inna. Sai dai nawa ba sa gaba da juna."

Bayan ta koma, labari yaf fasu cewa akwai sabis bisa gadon Dija. Ni ce Dija. Ɗakina yak koma tasha. Ban taɓa karɓar sisin kowa ba, Allah shi ne shaida, amma ba ni mantuwa. Wanda yak kira ɗanai a Legas ya san itacen girkina na kanai. Wadda tak kira mijinta tay yi mai faɗa ina ji, ta san ba ta wuce ni da nono ba ta tsaya ba. Illar guda ce: kowa sai shi hau min gado. Katifata tak koma tabarma. Magaji, mai garinmu, in yaz zo da babbar rigatai ya zauna min bisa filo, sai na wuni ina bugunai kahin shi tashi.

Ana nan, farkon damina ɗiyar Tabawa tah haihu. Nis sauko da babbar tasa, nic cika ta da masa har tay yi tozo, nik kwarara zuma, mata biyu sunka ɗauka. Ranar sunan nan ba a yi maganar jariri ba, maganar tasar Dija anka yi.

To amma jere mai giɓi kamar baki ne babu haƙorin gaba, ga shi kullum ɗakina da baƙi. Nit tura Lauratu matar ɗana kasuwar Gummi, tas sayo min wata ta roba mai ruwan zinari, faɗinsu guda. Nig goge ta da toka da baƙin tukunya har tad dushe, nis saka cikin gurbin. Ɗakina da duhu-duhu. Ko Lauratu da tas sayo ta, in ta shigo sai ta ƙara dubawa.

Cikin satin nan sabis yab bar gadona. Kowa yac ce damina ce, ruwa ke wanke shi. Da damina taw wuce bai dawo ba, Magaji yac ce shi ya ji daga majiya mai ƙarfi cewa an juya ƙarfen shina kallon Zuru. Mutane sunka koma hawan dutse, ni kuma nik koma sayen itace.

Tasa kuwa shiru. Ban yi mamaki ba. Gulbi ya cika shekarar nan ya shanye shinkafar Namadi ta fadama, ko iri bai fidda ba. Da mi Tabawa za ta cika tasar da tagwaye ke wanka ciki? Tad daina shigowa gidana. In mun haɗu wajen ta'aziyya sai mu gaisa mu tambayi jikoki ɗaya-ɗaya har na goye, ba mai ambatar ko cokali.

Da rani sai ga Safara'u, rungume da wani akwati kamar mai jego. Wai na awo ne, malaminta yab ba ta aro, shi ke faɗin ƙarfin magana a kowane wuri. Tac ce min lissafi ya gamu. Injin ya nuna daidai inda maganar ke taruwa, wajen filona. Abin da yar rage ta auna da akwati ta nuna lissafi da awo sun yi daidai. Da ta koma malamanta za su zauna kanta. In sun yi daidai, ta zama dakta. In ba su yi ba, shekarun da tak kwashe tana ƙone ido sun bi ruwa kamar shinkafar Namadi.

Nic ce, "Ai kuwa sabis ya ƙaura. An juya ƙarfe."

Tac ce, "Ba a juya komai ba, Inna. Na auna bakin ƙofa kafin in yi sallama, yana shigowa yadda yake da."

Ashe ma ƙofa tar riga gaidawa kahin uwarta.

Tah hau gado, tak kai bakin akwatin wajen filo. Shiru. Taɗ ɗaga, tas sauke, tab bi ɗakin nan taki-taki har ƙarƙashin gado, inda ko ni ba ni son a leƙa. Daga ƙarshe taz zauna ƙasa taj jingina da randa.

Tac ce, "Lissafina ya ce nan. Akwati ya ce babu. Ɗayansu maƙaryaci ne, kuma akwati ba ya ƙarya."

Ranar nan nid dama mata fura da nonon da Fulanin ruga sunka kawo da sassafe, ba ta sha ba. Niy yanka mata zabo, tak kalle shi kamar ita tak kashe uwatai. Ni dai ban san lissafi ba, amma na san fuskar ɗiyata in abu ya karye mata. Rabona da ganin wagga fuska tun ranar da anka yi jana'izar ubanta.

Da gari yaw waye tat tahi gidan Magaji tar roƙo janareta. Tac ce kahin ta yarda dabararta ce ta ɓaci, za ta gwada abu guda: za ta riƙa cire kwanuka cikin injin ɗaya bayan ɗaya, ta ga ko akwai wanda in an cire shi lissafi zai yi daidai da abin da akwati yaj ji jiya. Janareta na ta haushi tsakar gida, kaji sun gudu maƙwabta, ni ina bakin ƙofa ina kaɗi. Ta cire langa, a'a. Ta cire samira, a'a. Wajen azahar sai nij ji ta yi tsit. Niɗ ɗaga kai nig ga ita ke kallona.

"Inna."

"Na'am."

"Injin ya ce babbar tasar ba ta nan."

Nic ce, "Injin naki makaho ne? Ga ta can tana kallonki."

Tah hau gado, tam miƙa hannu, taƙ ƙwanƙwasa da zobenta. Tagulla in an taɓa ta sai ta yi ta amo har ka gaji da ji. Wagga kuwa tac ce ƙwaf, tay yi shiru.

"Inna, wannan roba ce!"

"Roba ce mai mutunci. Tun damina take nan ba wanda tab ba kunya."

"Ina ta gaskiyar?"

"Tana gidan Tabawa, ta tahi suna."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kin tambaye ni? Kin shigo kin gaida ƙofa, kin gaida filo. Kuma da kina can da mi zan hwaɗa miki, da sabis ɗin da babu?"

Sai tar rungume robar nan tana dariya tana hawaye. Wai maganar waya ratsa roba take yi ta wuce kamar ba ta gan ta ba, ƙarfe kaɗai ke maido ta. Nic ce to madalla, injinki ya kama ɓarawo, tashi ki ci zabonki.

Tac ce, "Bai isa ba. Malamaina za su ce na ga amsa ne sannan na gyara lissafi ya bi ta. Dole in faɗi wurin tun kafin a rataya tasar, a rataya, a auna, a same shi a nan."

Wannan kam na gane. Bokan da ke ba da labarin ruwan jiya ba shi samun kaza.

Tay yafa gyalenta. Nic ce, "Ina zuwa?"

"Gidan Inna Tabawa, in karɓo."

"Zauna."

"Inna, tasarki ce fa."

"Nic ce zauna. In kinka taka gidan nan kinka ce a ba ki tasa, kin hwaɗa ma gari duka Tabawa ta kasa cika kwano. Ba ta ƙara ɗaga kai cikin mata har ta mutu. Matar da tay yanke miki cibi ke nan."

"To in saya mata shinkafa a ɓoye ta zuba?"

"Ki ba ta sadaka ta biya ni da ita? Wannan ya hi zagin."

"To a yi yaya? Akwatin nan na aro ne, ana jiran sa. Idan na koma haka, shi ke nan."

Nid dube ta, nid dubi akwatin. Aro. Nis sauke mazarina, nic ce ta zauna ta ci zabonta, kar ta biyo ni.

Nit tarar da Tabawa tana tankaɗe ƙarƙashin darbejiyarsu. Da tag gan ni sai rariya tat tsaya mata a hannu.

"Wa nake gani kamar Dija? Ashe kina da ƙafa."

"Ina da ita. Taki ce nij ji an ce ta shanye, shi yas sa niz zo dubiya."

Tab ba ni tabarma. Munka gaisa, munka tambayi gajiya da zafi da jikoki har na goye. Tak kawo ruwa nis sha. Ita tana kallon bakina, ni ina kallon kajinta. Da gaisuwa taƙ ƙare ƙaf, babu sauran wanda za a tambaya sai jakin Namadi, nic ce, "Tabawa, aro niz zo."

"Aron mi? Turmi na nan."

"Ba turmi ba. An ce kina da wata babbar tasa ta tagulla."

Har kajin sunka daina tono. Nig ga maganar ta shiga kunnenta, ta zagaya, ta sami wurin zama. Tabawa ba wawuya ba ce, da wawuya ce da ban yi shekarun ga ina ƙawance da ita ba. Tag gyara ɗaurin kallabinta.

"Wa yag gaya miki?"

"Gari ya ɗauka."

"Awo, ina da ita. Amma gaskiya ban cika ba da ita aro ba. Mutanen yanzu ba su da riƙon amana. Sai ki ba mutum kwano shi zauna bisa kai wata da watanni."

Nic ce, "Haka ne. Duniya ta lalace."

"Mi za ki yi da ita?"

"Ɗiyarki Safara'u ke son ta, wajen karatunta. In ba ta samu ba karatun ya ɓaci."

"Don Safara'u kam ko raina ne. Amma kin dai san al'ada, kwano ba shi komawa wayam."

"Na sani. Ni ma an taɓa gaya min."

Tat tashi tas shiga ɗaki. Tad daɗe, har nif fara tunanin ko ta tsallake danga ta baya. Can sai ga ta da abin naɗe cikin tsohon zane. Ta aje gabana, ba ta kwance ba, tak koma bakin rariyarta. Ni nik kwance da hannuna.

Gefen tasar na bisa ya lotsa ciki. Ba ƙaramin lotsi ba, sawun kofato ne sarai, har da tsagar tsakiya.

Tabawa tac ce, murya ƙasa-ƙasa, "San noman Namadi ne. Rana guda nij jiƙa mai dusa ciki. Ba shinkafa kaɗai tah hana ni ba, Dija."

Tasar kakata! Wadda ko jikokina ban bari su taɓa da hannun miya. Maganganu sunka taso min tun daga ciki, kowace da ƙaho. To amma ni aro niz zo. Mai aro ba shi kushe kayan mutane. Nis shafa lotsin nic ce, "Kai, tasar ga taki ta sha duniya."

Sai muryarta tad dawo. "Ki dube ta da kyau tun nan. Kar ki maido min da ita da wani sabon lotsi ki ce haka kinka karɓa."

Niɗ ɗora bisa kai nir ratsa gari. Duk wanda yat tambaya nic ce aro niy yo gidan Tabawa.

Ina tahiya ina shirya yadda zan lallashi Safara'u, don na san da lafiyayyar tasa tay yi lissafinta. Da tag ga lotsin sai tay yi guɗa. Ɗiyar da ko ranar auren yayanta ba ta iya guɗa ba.

"Inna, wannan ya fi! Wannan lotsin babu shi a lissafina na da. Ni kaina ban san inda maganar za ta faɗa yanzu ba. Ba wanda zai ce na leƙa amsa."

Nic ce, "To a kai ma san Namadi goron godiya."

Tak kwaɓa laka tad danna cikin lotsin taf fidda siffatai, ta auna ta kowane gefe, taz zuba ma injin. Tah hana kowa rataya tasar, tana kife tsakar gida da Lauratu na gadinta. Janareta yaƙ ƙara wuni guda shina haushi. Da injin yag gama, tas sa anka kira Magaji shi zama shaida. Yaz zo da babbar riga da wayatai a hannu. Tabawa ma taz zo, wai ta ga yadda ake riƙon kayanta.

Safara'u taɗ ɗauki karan dawa tak kafa shi ƙasa, gaban gadona, wajen da nake aje ƙafa. Taɗ ɗaura zare a jikinai, tsawon taƙin hannu guda daga ƙasa. Tac ce, "Ranka ya daɗe, ka shaida. Tasa tana waje. Na ce idan an rataya ta, nan maganar za ta taru, wajen zaren nan."

Magaji yac ce, "Haba ɗiyata. Nan ƙasa? Ai bisa gado shike. Ni na sha yi."

"Da ke nan, kafin sa ya taka ta."

Anka cire roba, anka maida tasa gurbinta. Ni nih hau gadona niz zauna nim miƙe ƙafa, don in abin ya ɓaci in kasance kusa da ɗiyata.

Magaji yan nufo filona yadda yas saba. Yaz zauna, yad duba waya. Babu. Yat tashi tsaye, babu. Yad dubi Safara'u da irin kallon nan na "ban hwaɗa miki ba?"

Tac ce, "Ranka ya daɗe, sai ka sauko."

Yad duƙa. Babu.

"Ƙara kaɗan."

Yat tsuguna, gwiwoyinai na ƙara kamar ana karya kara. Babu.

"Wajen zaren, ranka ya daɗe."

Magaji yat tattare babbar riga, yak kai gwiwa biyu ƙasa, yad dafa hannu, yas sunkuyar da kai har hulatai taf faɗi tag gangara wajen randa. Goshinai saura kaɗan shi taɓa yatsun ƙafata. Sai wayar tay yi ƙara, saƙonnin da sunka maƙale mata sunka riƙa shigowa bi da bi kamar awaki da maraice.

Bai ko tashi ba yal latsa lambar ƙanenai na Gusau. "Salamu alaikum! Kana jina? Kana jina? Ni ne! A'a, ba bisa dutse nike ba!"

Nid dube shi nan durƙushe gabana, mutumin da ko ubana bai taɓa ganin ubanai ya rusuna ba. Nic ce, "Na amsa, Magaji. Allah shi yi maka albarka."

Tabawa tat toshe baki da gyale taf fita waje, can muna jiyo ta tana tari.

Safara'u tak kai akwatinta wajen zaren. Tad duba shi, tad duba injin, taƙ ƙara duba shi. Sannan tab bi ɗakin taki-taki kamar ranar farko, ko'ina akwati na amsa abin da injin yar riga yaf faɗi. Da tag gama taz zauna ƙasa tac ce, "Inna, akwai sauran zabon nan?"

Ta koma, malamanta sun zauna kanta, sun ba ta daktanta. An buga aikin, wai har masu ƙera eriya na wasu ƙasashe na bin hanyar tata ta gungu-gungu. Ta kawo min na gani, hoton bangona na ciki lulluɓe da koma, da lotsin da komi. Abin da yaɓ ɓata min rai guda ne: tun ranar da nir ratsa gari da ita bisa kai, kowa tasar Tabawa yake ce mata, har Magaji da yas san kakata.

Maƙerin garinmu yaz zo da kanai yac ce in ba shi rana guda zai buge lotsin ta koma kamar sabuwa. Nic ce wanda duk yat taɓa lotsin nan sai mun hau shari'a. Katifata ta huta, na sayi sabon filo. Yanzu mai son waya sai shi tuɓe takalmi, shi durƙusa gabana, shi kai goshi ƙasa. Malamin firamare ya yi, ɗan sanda ya yi, wani ɗan siyasa da yaz zo neman ƙuri'a ya yi, shi har sau biyu don maganar ta katse mai. Itacen girki kuwa har Lauratu na rabawa.

Tabawa ta dawo shigowa. Duk Juma'a tana zuwa kiran ɗiyarta. In ta gama ta tashi ta kakkaɓe gwiwa, ba ta cewa a ba ta, ta san al'ada. Sai ta ɗaga kai ta dubi bango ta ce, "Tasata dai na nan lahiya?"

In ce, "Lahiya lau. Ina biɗar abin da zan cika miki ita."

Ta ce, "Kar ki matsa ma kanki. Na san yadda abin shike."

Safara'u da taj ji, tac ce ai an yi kunnen doki: ina bin Tabawa tasa da abin cikinta, tana bina tasa da abin cikinta, sai a share duka. Nic ce boko dai bai koya mata komi ba nan wajen. Bashi ba shi cin bashi. Nata ya girmi nawa, ita za ta fara biya. Sai dai ba ta iya biya sai tasa na hannunta, tasa kuwa ba ta zuwa hannunta sai ni na biya nawa, in kuma na sauke ta daga bango gari duka ya koma hawan dutse, har da ita Tabawar da gwiwarta mai ciwo.

Nic ce ma Safara'u ta zuba ma injinta wanga, tunda shi gwanin warware wa ke bin wa ne. Tac ce injinta bai kai nan ba.

To ni dai ina riƙe. Tasa guda, da abin cikinta, masa har tozo. Da zuma.